Shirun da Na Ɗauka Barci Ne

Duk sanda yaranmu masu karatun aikin jinya suka dawo hutu Isa, sai sun biyo ta ƙofar gidana sun gaishe ni, kuma kusan bakinsu ɗaya. Wai in sun gama, sashen sa barci za su nema, don shi ne aikin hutu: ka soka allura, mara lafiya ya ɓingire, kai kuma ka ja kujera kana latsa waya har likita ya gama. Nakan yi dariya in ce Allah ya ba da sa'a. To tunda na aje aiki, ga lokaci ga tabarma, bari in faɗa muku abin da ke kan kujerar nan. Ni mutumin Tozai ne, rabin rayuwata a tsaye na yi ta a kan mutanen da ke kwance. Shekaruna na ƙarshe a sashen masu ciwon daji na wani babban asibiti a birni na yi su, kuma can na yi abin da har yau in na tuna sai na sunkuyar da kai.

Aikin farko da aka sa ni shi ne riƙe haɓar wani mahauci da ake ɗinke wa hannu. Maigidana a sana'ar, Malam Sanda, wani dogon tsoho marar son surutu, ya kama yatsuna ya dasa su ƙarƙashin muƙamuƙin mutumin, ya ce in ɗaga kada in saki. In barcin magani ya yi nauyi, harshe yakan koma baya ya toshe maƙogwaro, ɗaga haɓar nan shi ke buɗe wa numfashi hanya. Na riƙe har hannuna ya mutu. Wata uku ina wannan, ko sirinji ban taɓa ba. In na yi ƙorafi sai ya ce kowane sakarai ya iya sa mutum barci, tashin shi ne sana'a. Shi ya koya mini kada in fara aiki sai na taɓa kayana da hannuna: in buɗe tukunyar iskar oksijin in ji hucinta, in matsa jakar robar da ake hura wa mutum numfashi, in kunna injin zuƙe yawu, in gwada ɗan maƙalen yatsa mai faɗin bugun zuciya. Ya taɓa korata gida don na ce masa tukunya cike take alhali ban buɗe ba. Cike ɗin take kuwa, amma sai da na tafi.

Matar farko da na tsaya a kanta a sashen ciwon daji wata mai sai da fura ce, kansar bakin mahaifa ta kawo ta. A kanta na koyi yadda aikin yake. Masu wannan ciwo ana fara yi musu gashin inji ta waje, kullum, har makonni. In an gama sai a zo na ciki, wanda shi ne namu. Likita takan shigar da wasu siraran ƙarafa ta gaban mace, ɗaya ya ratsa bakin mahaifa ya shige ciki, a cusa bandeji a danne su kada su motsa, a ɗauki hoto a tabbatar sun zauna daidai. Sannan a haɗa su da inji, kowa ya fita a rufe ƙofa, mu koma muna kallonta ta talabijin har injin ya gama ƙona wurin. Yawanci sau uku ake yi, mako-mako, kuma in aka bari tazara ta yi tsawo ciwon yakan sami sararin farfaɗowa. Kun ga wuyar: dole barcin ya isa ya ɗauke zafin sa ƙarfe a wurin da ya riga ya zama gyambo, dole kuma kada ya yi nauyin da za ta daina numfashi tana ita kaɗai a ɗaki. Ga su mata ne da suka yi watanni suna zubar da jini, jikin ba ƙarfi.

Mai furar nan furofofol na ba ta, wani farin magani kamar madara. Yana da daɗin aiki, nan da nan mutum ya tafi, nan da nan ya dawo garau. Amma ba ya kashe zafi shi kaɗai, kuma ba ya wasa da numfashi. Ina turawa ƙirjinta ya tsaya cak, maƙalen yatsa ya fara sauya murya. Ɗaga haɓar da Malam Sanda ya koya mini da jakar roba su suka fisshe ni ran nan. Tun daga nan nake jin tsoronsa a ɗakin da za a fita a bar mutum. Ketamin kuwa ya fi shi amana ta wannan gefe, yana kashe zafi ya bar numfashi, illa dai yawu da mafarkai da sambatu. Na taɓa ba wata dattijuwa shi, tana farfaɗowa ta shiga zayyano duk abin da ke tsakaninta da dangin mijinta, suna bayan suna, masu shara na ji. Kafin la'asar labari ya gama ɗakin mata, suka sa masa suna allurar tonon asiri. Akwai allurar baya, wadda ke kashe jiki daga kwankwaso zuwa ƙasa, ita ce ta fi kowace ɗauke zafin wannan aiki, sai dai mace za ta yi sa'o'i kwance kafin ƙafafunta su dawo. Sai kuma na talaka, diyazifam da fentazosin, ɗaya ya kawo gyangyaɗi ɗaya ya rage zafi. Su ba sa yankewa a kabad, kuma mace takan tashi da wuri. Rage zafi na ce, ban ce ɗaukewa ba, kuma tun a lokacin na san bambancin.

Ina da wata ɗabi'a da nake taƙama da ita. Da na ga katin mace an rubuta Isa ko Sabon Birni, ko na ga tsagar Gobir a kumatunta, sai in karya harshe in koma maganar gida. In tambaye ta ta wace shiyya ce, ɗiyar wa ce, wa take aure. Ƙasarmu ba faɗi gare ta ba, kafin tambaya ta uku mun haɗu a wani kaka ko wata kasuwa. A ganina taimako nake yi, mace ta baro ƙauye ta faɗo cikin baƙi, ga ɗan gida ya karɓe ta. Kuma sai na lura matan nan ba sa ba ni wahala. In ba su ɗan diyazifam da fentazosin, su kwanta shiru kamar an ɗauke wuta, ba motsi ba nishi. Matan wasu wurare kuwa su yi ta ihu har sai an ƙara musu. Sai na fara rage wa namu, na kuma fara cika baki.

Abokiyar aikina Sista Bisi Bayarabiya ce, kun kuwa san wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bayarabe. Kullum ina tsokanarta cewa matan Gobir ba su kuka, nasu kuwa ko ƙaya ta soke su sai unguwa ta taru. Ita kuma ta ce bayinta ne mu, shi ya sa muka saba da wuya. Wata rana ta bar wasan, ta nuna mini allon inji ta ce in dubi yadda zuciyar matar nan ke gudu, mai barci ba ta haka. Na ce ƙarancin jini ne. Ta ce in dubi hannunta yadda ta damƙe ƙarfen gado. Na ce sanyin ɗaki ne. Ina da amsar komai a lokacin, shekaruna a aikin sun fi nata.

Sai muguwar shekara ta zo. Injin ya lalace watanni, da aka gyara mata suka taru har ana shimfiɗa a baranda. A shekarar ce kuma hanyar gida ta ɓaci da 'yan bindiga, direbobin wajenmu ba sa yarda su taso daga birni bayan azahar, kowa yana son ya wuce dajin da suke tare hanya da sauran rana. Duk wadda ta makara sai ta kwana a tasha, ko ta jira kwana biyu. Allurar baya ta zama abin gudu, don wadda aka yi wa ba ta samun mota. Ni kuwa ga ni da dabarata: matan gida a fara da su da sassafe, a ba su mai sauƙi, su tashi su kama hanya. Har yaba mini aka yi.

Cikin wannan hali aka kawo Inna Hassi daga Tsamaye, wata siririyar dattijuwa mai ƙaramar murya. Na yi mata tambayoyina kamar kullum, sai ga shi ɗiyarta tana aure a gidan yayana, ɗansa na fari take aure. Ashe surukai ne mu. Na ji daɗi har na faɗa wa duk wanda ke ɗakin. Ita kuwa sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ban kawo komai a raina ba. Da na zo sa mata robar jijiya a hannu, ta yi magana can ƙasa, sai da na duƙa.

"Likita, don Allah kak ka ba ni wadda ka sa mutum zuba. Ɗiyata na gidanku."

Na ce ta kwantar da hankalinta, mai sauƙi za ni ba ta, ta yi barcinta ta tashi ta sami mota. Ban ko ambata mata allurar baya ba.

Aikin ran nan ya yi wuya. Gashin waje ya sa bakin mahaifarta ya tsuke, ƙarfen ya ƙi shiga, sai da likita ta yi ta buɗawa kaɗan-kaɗan da wasu ƙarafan. Abin da ake yi cikin ɗan lokaci ya ninka. Sau biyu likita tana ɗago kai tana tambayata ko lafiya, ina cewa ta ci gaba. Inna Hassi ba ta ce uffan ba. Na ga zufa a goshinta na share. Na ga bakin zanenta a cikin bakinta, na zaci gyangyaɗi ne ya sa ta tauna. Ina tsaye a kanta ina cewa sannu Inna, saura kaɗan, da muryar gida. Sista Bisi ta leƙo neman wani abu, na ce mata ta zo ta ga yadda matan Gobir suke, ko tari babu. Aka gama, ta tashi, ta yi godiya, ta sami motarta. Mako ya zagayo ba ta zo ba, na biyu ma haka. Muka rubuta a katinta cewa matsalar hanya ce.

Bayan kusan wata biyu na zo gida hutu, matar yayana ta ce ai surukarmu tana can kwance, jinin ya fara dawowa, kuma ta rantse ba ta komawa asibiti. An yi lallashi an gaji. Na ce su bar ni da ita, ai ni take jin maganata. Na hau babur da hantsi na nufi Tsamaye, gero ya fara fitar da kai. Aka yi mini shimfiɗa a ƙofar ɗakinta, tana ciki bayan asabari, ba ma ganin juna. Bayan gaisuwa na shiga yi mata wa'azin da na saba, cewa gashi ɗaya ba ya isa, saura biyu, kuma in don hanya ce za ni nema mata wurin kwana a birni. Ta bar ni har na ƙare.

"Ba hanya tah hana ni ba," in ji ta. "Kac ce za ni kwana. Ban yi kwana ba, ko na ƙibtawar ido. Dud ƙarhen da anka sa, na jiya."

Na ce to me ya hana ta faɗa, ai da na ƙara mata magani.

"In hwaɗi ma wa? Ina ji kana ce ma Bayaraba matan Gobir ba su kuka. Bayan kac ce hakanan, ni za ni hwarawa? In yi kuwwa tsirara gaban surukina, a kai labari gidan da ɗiyata take?" Sannan ta ƙara da cewa, "Da ka ƙyale ni baƙuwa, da na yi kuwwata an ƙara min magani."

Kunyar da na ji a kan tabarmar nan ban taɓa jin irinta ba, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da uwata ta haife mu bakwai ba a taɓa jin muryarta a ɗakin haihuwa ba, ni da na san mace a wajenmu gara ta mutu da ta yi raki gaban wanda ya san gidansu, ni ne na ɗauki wannan shirun na ce barci ne. Baƙo in ya yi haka sai a ce rashin sani. Ni da hannuna nake ɗaure musu baki da tambayar ɗiyar wa ce, sannan in auna magani da shirun da na jawo.

Ban kare kaina ba, don babu abin karewa. Na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin allurar baya, cewa idonta biyu amma daga cibiya zuwa ƙasa ba za ta ji komai ba, kuma ba ta sa zuba. Ta tambaya me ya sa ba a yi mata ita tun farko ba, na ce don ta sami mota. Ta ce ita ba ta ce mini tana sauri ba. Sai da aka kira azahar sannan ta yarda, da sharaɗi biyu: kada in kasance a ɗakin, kuma kada a sa duk wanda ya san sunan garinsu.

Sista Bisi na roƙa, na faɗa mata komai. Na zaci za ta rama wasan shekaru, amma sai kawai ta karɓi katin. Ta yi mata allurar baya, ta ƙara ɗan midazolam mai kwantar da hankali, aka ba ta gado ta kwana. Ni ina waje a kan benci tare da masu jiran 'yan'uwansu. Daga ranar na sauya hannu. Ban sake tambayar mace asalinta kafin aiki ba, sai bayan ta tashi. Zancen zafi kuwa mace 'yar'uwarta nake turawa ta tambaye ta, ba na kusa. Na koma kallon hannu da goshi da bugun zuciya, abin da Malam Sanda ya koya mini tun ina saurayi na yar. In ƙarfe zai ratsa bakin mahaifa, ko dai allurar baya, ko ɗan ketamin da abin da zai danne sambatunsa, mota kuwa ta tafi abinta. Inna Hassi ta cika gashinta uku. Likita ta ce tazarar ta rage wa aikin ƙarfi, amma ya fi babu. Ta ƙara damina uku a duniya. Ko wata biyun nan ne suka cinye mata sauran, Allah ne masani.

Ranar da za a sallame ta bayan gashi na uku na je bakin ƙofar ɗakin mata na yi mata sallama daga waje. Na ɗauka magana ta ƙare tsakaninmu. Sai ta ce in dakata.

"Ta Bahwarawa hwa? Binta, wadda gadonta ka kusa ga nawa. Ita ma kai kay yi mata, ita ma sau guda taz zo."

Na ce ban sani ba.

"Mu dai mun san ranakkun aikinka," in ji ta. "In anka ce ɗan gida na, sai kowa ta aje bakin zane kusa."

Na je na ciro katunan shekarar, na ware na matan wajenmu waɗanda suka zo sau ɗaya ba su dawo ba. A kan kowane an rubuta matsalar hanya, kuma mafi yawa rubutuna ne. Wasu tabbas hanyar ce, amma ban san waɗanne ba, kuma ba mai faɗa mini. Katin Binta na ɗauka, ranar kasuwar Bafarawa na bi 'yan babura na shiga garin, na yi tambaya aka kai ni gidan. Na tarar da mijinta, wani tsoho, yana gyaran rumbu. Na faɗa masa ko ni wane ne, na ce na zo ne a mayar da ita ta ƙarasa magani. Ya sauko ya kama hannuna da hannu biyu, ya ce ai ta riga mu gidan gaskiya tun kafin a yanke gero. Ya ce sun yi da ita ta koma ta ƙi, ba ta kuma faɗi dalili ba, su dai sun bar wa Allah.

"Amma kullum tana hwaɗin ɗan wajenmu yay yi mata aiki," in ji shi, "har sunan ubanta ya sani. Allah shi saka ma da alheri."

Na ce amin. Ya shiga gida ya fito da zabuwa an ɗaure mata ƙafafu, ya ce ba yawa, in kai wa iyali. Na ce ya bar ta, ya ce in na ƙi karɓa na raina su. Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya, ya ɗaure mini ita a bayan babur da kansa. Ta yi ta kuka a bayana har na shigo Isa.